Motsa jiki ga mai ciwon polimayaljiya rumatika

Polimayaljiya rumatika, wanda likitoci ke taƙaitawa da PMR, ciwon kumburi ne da yake kama kafaɗu biyu da wuya da ƙugu har zuwa saman cinyoyi. Ciwon manya ne, da wuya ka ga ya kama wanda bai kai shekara 50 ba, yawanci ma sai mutum ya haura 70, kuma mata sun ninka maza wajen kamuwa. An fi samun sa a arewacin Turai, irin su Suwidin da Danmak, da kuma jikokin mutanen can da suka yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya sa mafi yawan abin da aka sani a kansa daga can ya fito. Wani likita a Sikotilan mai suna William Bruce ne ya fara bayyana shi a 1888, sunan da ake kiran sa da shi yanzu kuma Stuart Barber ne ya raɗa masa a 1957.

Ma'anar sunan dai ita ce ciwon tsokoki da yawa, amma sunan ya ɗan yi yaudara, don ita tsokar lafiyarta ƙalau. Kumburin yana cikin 'yan jakunkunan ruwan nan da ke hana ƙashi da jijiya gogar juna a kafaɗa da ƙugu, da kuma shimfiɗar da ke cikin gaɓa. Wannan bambancin shi ne tushen duk maganar motsa jiki a wannan ciwo: ba ciwon ne ke cinye tsoka ba, zama wuri ɗaya ne da kuma maganin da ake sha.

Yadda yake a jiki

Da asuba ya fi tsanani. Mutum zai farka ya ji jikinsa ya sandare kamar an ɗaure shi, juyi a kan gado ma ya gagara, sai ya mirgina gefe ya zuro ƙafafu ƙasa ya dafa katifa da gwiwar hannu kafin ya iya zama. Ɗaga hannu a zura riga, ko mace ta kai hannu baya ta ɗaura ɗankwali, sai ya zama aikin da ake yi ana cije leɓe. Wannan sandarewar takan wuce minti 45, wasu har hantsi, sannan ta saki, in kuma aka daɗe a zaune kamar a doguwar tafiya cikin mota sai ta dawo.

Maganinsa firednisolon ne, wato sitiroyid, maganin kashe kumburi mai kama da wani sinadari da jiki ke yi da kansa, ana farawa da miligiram 12.5 zuwa 25 a rana, kuma cikin 'yan kwanaki mutum yakan ji kamar an sauke masa dutse. Sai dai ba magani ne na sati biyu ba, a hankali ake rage shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu ma fiye, kuma kusan rabin masu ciwon sai ya sake taso musu a hanya. Ba a yanke maganin lokaci ɗaya ko da an ji garau, don jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin.

To me ya kawo motsa jiki

Sitiroyid in ya daɗe a jiki yana sa ƙashi ya yi laushi, kuma a watannin farko ɓarnar ta fi sauri. Yana zaizaye tsokar cinya da ɗuwawu, yana buɗe ciki mutum ya yi ta ci, ƙiba ta taru a ciki da fuska, suga da hawan jini su biyo baya. Ka haɗa wannan da dattijon da ya yi wata biyu ko uku yana kwance kafin a gano me ke damun sa, sai ka ga ƙafa ba ƙarfi, ƙashi ba ƙwari, faɗuwa ɗaya a banɗaki ta isa ta karya ƙugu. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka suka fitar tare a 2015 suka ce a tsara wa kowane mai ciwon motsa jikin da ya dace da shi, don ya riƙe tsokarsa kuma ya rage haɗarin faɗuwa. Ba su ce yana kashe kumburin ba fa, wannan aikin magani ne.

Irin wanda ya dace

Tafiya a ƙasa ita ce ta farko kuma gaskiya ita ce ta fi komai, ba ta buƙatar kuɗi sannan tana ɗora wa ƙashi nauyin jiki, wanda shi ne ke sa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Ana farawa da minti 5 ko 10 a fili mai laushi da takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifas ba, a ƙara kaɗan duk sati. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta bayar a 2020 ta ce manya su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, amma wannan inda ake son kaiwa ne, ba inda mai sabon ciwo zai fara ba.

Sai ƙarfafa cinya, kuma a nan babu kamar tashi da zama. A samu kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango, a zauna a bakinta, ƙafafu a ƙasa an ɗan ja su baya, a sunkuyo kaɗan a miƙe, sannan a koma a zauna a hankali ba a faɗa a kai ba. Sau biyar ya isa a farko, a dafa hannun kujerar in da buƙata, ranar da aka iya yin goma hannu a ƙirji to an samu ci gaba na gaske, don wannan tsokar ita ce ke tashin mutum daga masai da tabarma. Kwana biyu ko uku a sati ya wadatar, da hutu a tsakani.

Kafaɗa kuma ba ƙarfi take so ba tukuna, so take kar ta ƙage. Masu gashin ƙashi sukan koyar da tsayawa a gaban bango ana hawa da yatsu sama kamar gizo-gizo har inda ciwo ya fara, a tsaya nan, a sauko. Ko a dafa tebur da hannu ɗaya a saki ɗayan yana lilo. Bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi sauƙi.

Ruwan ɗumi kam masu ciwon suna yabon sa sosai, musamman irin kwamin asibiti da ake ɗumamawa, don ruwa na ɗauke nauyi mutum ya motsa gaɓar da ba ta motsuwa a tudu. Illarsa ɗaya, tunda ya ɗauke nauyin to ba ya ƙarfafa ƙashi sosai, ba zai maye gurbin tafiya ba. Haka keke. Don daidaita tsayuwa kuma akwai tsayawa da ƙafa ɗaya ana riƙe da bayan kujera, ko wasan taici na 'yan Sin wanda aka tabbatar yana rage faɗuwa ga tsofaffi.

Lokaci da awo

Kar a yi da sassafe jiki na sandare. Yawanci da safe ake shan maganin bayan karin kumallo, zuwa hantsi ko la'asar ya kama aiki, lokacin ne ya dace.

Babban tarkon shi ne ranar da aka tashi da daɗi. Sati ɗaya da fara magani mutum ya ji ya koma saurayi, sai ya ce bari ya rama duk aikin da ya taru, ya share gida ya ɗebi ruwa ya zaga kasuwa, washegari ya kasa tashi, ya kwanta kwana uku, ya sake jin daɗi ya sake maimaitawa. A ganina wannan hawa da saukar ta fi ƙyuya ɓarna, gara kaɗan kullum ko da ana jin za a iya fiye. Awon da ake bai wa masu ciwon gaɓɓai shi ne in zafin da motsa jiki ya jawo ya wuce awa biyu bai lafa ba, an zarce, gobe a rage. Tsamin jiki na aiki daban yake da tasowar ciwo: shi tsami yana zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu a inda aka wahalar kuma ya wuce da kansa, ita tasowa kafaɗu biyu take kamawa tare da doguwar sandarewar asuba, sau da yawa bayan an rage magani, wannan ta likita ce.

Ga mai sallah, tasowa daga sujada ce ke fara gagara, kuma addini ya yi rangwame a yi a zaune har ƙafa ta dawo. Wanda aka auna aka ga ƙashin bayansa ya yi laushi ya guji sunkuyo da ƙarfi don taɓa yatsun ƙafa da ɗaga kaya daga ƙasa baya a lanƙwashe.

Inda ake tsayawa cak

PMR yana da ɗan'uwa mai haɗari, kumburin jijiyoyin jini na gefen kai, wanda ke samun wajen mutum ɗaya ko biyu cikin goma na masu ciwon. Sabon ciwon kai a wajen goshi ta gefe, fatar kai na zafi in an taɓa, muƙamuƙi na gajiya ana cikin tauna, ko gani ya dushe ko ya rabu biyu, wannan asibiti ne a ranar ba gobe ba, don in ya makantar da ido, gani ba ya dawowa. Haka ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, yana iya zama ƙashin baya ne ya burma.

Sannan akwai sifirofulokzasin, wato sifiro ɗin nan da ake saye a kemis da sunan maganin taifot. In ya haɗu da sitiroyid a jikin wanda ya haura 60 yana iya tsinka agarar dunduniya, don haka duk wanda zai rubuta maka magani ka gaya masa kana kan firednisolon, in kuma agara ta fara zafi ko kumburi a dakatar da tafiyar a nuna wa likita.