Yaya malami zai gane bitar bincike mai inganci kan ilimin masu buƙata ta musamman?

Ɗaliban fannin koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba sa rabuwa da "bincike ya nuna" a kundin kammala karatu. Ga tambayoyin da ya kamata a yi kafin a rubuta hakan.

Mece ce bitar bincike?

Ita ce mutum ya tattaro binciken da wasu suka riga suka yi kan batu guda, misali koya wa kurame karatu, ya tace, ya faɗi inda hujja ta rinjaya.

Ina zan fara dubawa?

Inda marubuci ya faɗi yadda ya nemo takardun: rumbunan intanet da ya shiga, daga wace shekara zuwa wace, nawa ya samu, nawa ya zubar, kuma saboda me. Ƙa'idar PRISMA, wadda ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2020, ta jera abubuwa 27 da ake so bita ta bayyana. AMSTAR 2 kuwa, ta 2017, tambayoyi 16 ce da mai karatu zai auna bitar da su. In bayanin nan babu, to wataƙila marubuci ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ne kawai.

In takardu da yawa sun yarda da abu, ba shi ke nan ba?

A'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an yi ɓarna. A farkon shekarun 1990 wata dabara ta bazu a Amurka daga Ostireliya: mai taimako zai riƙe hannun yaron da ba ya magana, yaro na danna haruffa. Rahotanni suka yi ta yabo, iyaye na hawayen murna. Da aka gwada da kyau, aka nuna wa yaro hoto daban, mai taimako hoto daban, sai sunan hoton mai taimako ke fitowa, shi ma bai san shi ke tura hannun ba. A 1994 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce dabarar ba ta da hujja. Bitar da ta ƙirga rahotannin farko ba ta auna ingancinsu ba, da ta ɓatar da malamai. Ga kuma halin mujallu: sun fi son buga abin da ya yi nasara, wanda ya faɗi sai ya kwana a durowa.

Binciken yara uku ko huɗu fa?

Kada ka raina shi. A wannan fanni samun yara ɗari masu lalura iri ɗaya da wuya. Abin dubawa shi ne, an auna yaron sau da dama kafin a fara dabarar? Canjin ya maimaitu aƙalla sau uku?

To in bitar ta cika duk wannan, in ɗauka in yi aiki da ita?

Tsaya tukuna, Malam. Su wane ne yaran? Yawancin binciken da Turanci aka yi shi, a aji mai 'yan yara kaɗan, ga na'urar ji, ga mai taimaka wa malami. Kurman da aka kai makaranta a Malumfashi sau da yawa da maganar hannu ta gida ya taso, a aji kuma ya tarar da wata mai tushe a Amurka. Dabarar da bitar ta yaba, gwada ta da 'yan yara tsawon zango ɗaya, kana rubuta abin da kowane yaro ya iya kafin farawa da bayan gamawa.