"Multidimensional" ba ta nufin "matsananci"

Tun watan Nuwamban 2022, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 a Najeriya, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin "multidimensional poverty", kalmar nan ta shiga bakin kowa. Ɗan siyasa ya ja ta a rediyo, mai fassara ya ce "matsanancin talauci", wani ya ce "talaucin da ya fi ƙarfin talauci". Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba zafin talaucin kalmar take faɗa ba. Tushenta Latin ne, ma'anarta awo da yawa. Kowane awo tambaya ce mai zaman kanta da ake yi wa abu guda. Hukumar ta yi wa gidaje tambaya ta ɓangare huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zaman gida, sai aiki da barazanar tsaro. Kuɗin aljihu ma ba ya ciki.

Ni dai kalmar ba ta zauna mini ba sai da na fara aiki da R, harshen lissafin ƙididdiga da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990. Tebur na yau da kullum awo biyu gare shi, layin kwance da na tsaye. Ka ɗora tebur a kan tebur kamar shafukan rajistar makaranta, ka sami na uku. Daga nan ido ba ya iya hangowa, amma R bai damu ba, zai ƙara na huɗu da na biyar. Wannan shi ake kira array.

Akwai guda da yake zuwa cikin R, sunansa Titanic, na jirgin ruwan da ya nutse a 1912. Mutum 2,201 ne aka rarraba ta awo huɗu: aji na ɗaya, na biyu, na uku ko ma'aikacin jirgi, namiji ko mace, yaro ko babba, ya tsira ko ya mutu. Huɗu sau biyu sau biyu sau biyu, gurbi 32 ke nan. Ka rubuta apply(Titanic, 4, sum), wato a tara ta awo na huɗu kaɗai, nan take zai ce maka 711 sun tsira, 1,490 sun mutu. Ba ƙarya a ciki, amma ka murƙushe awo uku kafin ka sami lambobin nan. Buɗe guraben ka gani. Manyan mata na aji na ɗaya, 140 suka tsira, 4 suka mutu. Manyan maza na aji na uku, 75 suka tsira, 387 suka mutu. Yaran aji na ɗaya da na biyu, a teburin nan ko ɗaya bai mutu ba. Na aji na uku kuwa, 52 cikin 79 ruwa ya ci. Duk sanda na kai wannan gurbi sai jikina ya yi sanyi.

Gargaɗi ga mai koyo: a cikin cikin array ɗin nan lambobi 32 ne kawai a jere, dim, wato bayanin girman kowane awo, shi ne yake faɗa wa R yadda zai naɗe su, kuma awon farko yake fara cikawa. In ka shigar da su a karkace ba zai yi maka magana ba, sai adadin maza ya faɗa gurbin mata.

To, miliyan 133 ɗin nan irin waccan jimilla ta 711 da 1,490 ce, kuma ina ganin rashin adalci ne a riƙa yawo da ita ita kaɗai. A rahoton, Sakkwato kashi 91 ce, Ondo 27. Karkara 72, birni 42. Ko 91 ɗin Sakkwato ba ta gaya maka ko makaranta ce babu, ko ruwan sha, ko da itace ake girki, sai ka bi ma'aunai 15 da hukumar ta yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya.