Awon ƙarshe na littafi ba izinin cika kwanso ba ne

Masu ɗura harsashin farauta da hannu sun daɗe suna ɗauka cewa awon albarushi mafi yawa da littafin kamfani ya rubuta lafiya lau ne a kowace bindiga. Kuskure ne babba. An gwada awon a bututun bindiga guda, da kwanso (mazubin albarushi) da maƙyasti (abin da ke kunna albarushin) da kan harsashi iri guda. Ɗakin harsashin bindigarka zai iya fin na kamfanin matsewa, kwanso mai kaurin bango kuma yana rage fili, matsi ya hau.

A fara daga awon farko, wato mafi ƙanƙanta da littafin ya bayar, ko kashi 10 cikin 100 ƙasa da na ƙarshe idan shi kaɗai aka bayar. A riƙa ƙara giren (ƙaramin ma'aunin nauyi) 0.3 zuwa 0.5, ana auna kowane a sikeli, ana harba uku-uku ta na'urar auna gudun harsashi. Gudu ya kai na littafi, a tsaya.

Kada a jira sakatar bindiga ta cije ko tabo ya fito a gindin kwanso; kafin nan matsin ya riga ya wuce kima. An canza maƙyasti, harsashi ko gwangwanin albarushi? A koma farko. Sauka ƙasa da awon farko ma haɗari ne, musamman da albarushi mai jinkirin ci.