Kwana a tanti a kan tsaunin hamada: daren ya fi ranar haɗari

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan damina ta ɗauke hanya ta bushe, sai matasa su fara haɗa ayarin hawan dutse. A nan Jos muna ganinsu kusan kowane ƙarshen mako, wasu 'yan gari, wasu sun taso daga Abuja da jakunkuna a baya, sun nufi duwatsun Shere ko wajen Riyom, har an fara samun masu kafa tanti su kwana a can. Akwai kuma waɗanda tafiyarsu ta fi wannan nisa: masu zuwa Agadas da duwatsun Azbin a Nijar, masu wucewa Tamanrasset a Aljeriya, da samarin da tun da aka gano zinariya a Jado da ke arewacin Nijar a 2014 suke bin sahun haƙa a cikin Sahara, inda makwancinsu bai wuce tanti ko rumfar tamfol ba. Idan irin waɗannan suka zo wurinmu a asibiti neman shawara, nakan tambaye su me suka zuba a jaka. Amsar kusan ɗaya ce: ruwa, malafa, tabarau, cajar waya. Kowa zafin rana yake tsoro. Mu ma'aikatan lafiya kuwa daren muke ji musu.

Abubuwa biyu ne suke haɗuwa a tsaunin hamada. Na farko tudu. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana sauka da kusan digiri 6 da rabi. Mutumin Jos ya san wannan a jikinsa, domin garinmu yana kan tudu mai kusan mita 1,200, shi ya sa baƙon Abuja yake neman rigar sanyi tun kafin ya gama shigowa Bukuru. Na biyu bushewar iska. Inda babu gajimare babu danshi, ƙasa kamar tukunya ce marar murfi: zafin da duwatsu suka sha da rana yana tsiyayewa sama da zarar rana ta faɗi. To a haɗa su biyun. Agadas tana kusan mita 500, ƙololuwar tsaunin Bagzan a Azbin kuma ta ɗan haura mita 2,000. A ce a wani daren Janairu ma'auni ya nuna digiri 12 a cikin gari, wanda ya kwana a saman tsaunin yana dab da inda ruwa ke daskarewa. A Assekrem da ke duwatsun Hoggar na Aljeriya, wajen mita 2,700, ruwa yakan daskare da dare a lokacin sanyi, ga iska mai ratsa ƙashi. Haka nan Dutsen Sina na Masar, mai mita 2,285, wanda masu ziyarar ibada suke hawa da tsakar dare: dusar ƙanƙara takan sauka a wurin. Duba yadda Buzaye suke naɗa rawani su rufe fuska, su zuba riguna masu faɗi ɗaya kan ɗaya. Wannan shigar tana tare rana da ƙura, tana kuma tare sanyi.

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kusan digiri 37. Idan zafin cikinsa ya sauka ƙasa da 35, an shiga matsala. Ba sai an kai ga ƙanƙara ba. Rigar da ta jiƙe da gumi, da iska mai kaɗawa, da cikin da ba abinci, sun isa su kai mutum can ko da a saman Shere ne, wanda tsayinsa mita 1,829 ne. Alamar farko makyarkyata. Sai magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, mutum ya riƙa tuntuɓe, ya riƙa faɗin abin da ba kai ba gindi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne makyarkyatar ta tsaya alhali jikin yana nan da sanyi, mutum ya ce a ƙyale shi ya yi barci. Abokan tafiya sai su ɗauka ya samu sauƙi, alhali jikin ne ya gaza. A shigar da shi inda iska ba ta bugunsa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, wani ya kwanta a jikinsa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ɗura masa komai in ba ya iya haɗiya. Giya tana sa mutum ya ji ɗumi a fata alhali zafin cikinsa fita yake yi. Tiramol da kodin, waɗanda wasu ke sha wai don su jure wahalar hanya, suna dusashe hankali har mutum ya kasa gane sanyi yana cinsa.

Ƙasa tana shanye zafin mai barci ba kaɗan ba. Bargo uku a sama da tabarma ɗaya a ƙasa ba dabara ba ce. A shimfiɗa katifar soso, in babu a jera kwali a ninka bargo a kai. A sauya rigar yini kafin magariba, domin auduga in ta sha gumi ba ta saurin bushewa. Riguna marasa kauri guda uku sun fi ƙatuwar riga ɗaya riƙe ɗumi. Hular sanyi da busasshiyar safa a ajiye su don dare kawai. A ci abinci mai nauyi kafin a kwanta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Idan sanyi ya tsananta wajen ƙarfe biyu na dare, dabarar da ke fara zuwa wa ɗan Arewa ita ce ya jawo kaskon garwashi cikin tanti ya zuge zif. Mun saba da haka a gida. Duk hunturu a Jos akwai ɗakunan da ake kwana da gawayi a ciki, kuma duk wanda ya daɗe a aikin asibiti a garin nan ya ga waɗanda aka kawo a sume saboda shi. Gawayi, risho, murhun gas da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi, wanda mutane ke cewa ya nuna, yana nan yana fitar da ita. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya suke buƙata ba. A kan tudu abin ya fi muni, tunda dama oksijin ɗin da mutum ke samu a kowane numfashi ya ragu. Tanti kuma ya fi ɗaki ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ga shi yadinsa yana kama wuta nan take, ya narke a jikin mutum.

Yadda take farawa shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Masu tafiya sukan ce gajiya ce, ko zazzaɓin cizon sauro, su sha farasitamol su koma su kwanta. Ga ma'aunin da nake ba mutane: idan mutum biyu ko uku a tanti ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma akwai wuta a ciki ko a bakin ƙofa, kowa ya fito waje nan take, a yi bincike daga baya. Wanda ya suma a jawo shi fili, a kwantar da shi a gefensa, a nemi hanyar asibiti inda za a sa masa oksijin. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa fitar da wannan guba, sai dai su sarƙe shi su gangara huhu. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi a duba shi, domin illar takan bayyana a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki.

Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. A hura wuta a waje, nesa da tanti, ta gefen da iska ke kwashe hayaƙin. A yi girki da shayi a can. Mai son ɗumi a shimfiɗa ya zuba ruwan zafi a gora mai murfin kirki, ya sa ta cikin safa ya rungume. Kuma ko babu wuta a bar 'yar kafar iska ta saman tanti a buɗe, in ba haka ba tururin numfashi zai taru ya jiƙa bargo kafin asuba.

Ciwon tudu, wanda ƙarancin oksijin a can sama ke kawowa, wani abu ne daban, kuma yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutane. Babu inda ya kai haka a Najeriya: Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a ƙasar, mita 2,419 ne. Amma Tahat a Hoggar mita 2,908 ne, Emi Koussi a duwatsun Tibesti na Chadi kuma 3,415. Ciwon kai, rashin son abinci, amai da rashin barci su ne alamunsa, kuma bai damu da ƙarfin mutum ko yawan motsa jikinsa ba. Wanda ya ji su kada ya ƙara hawa. In numfashi ya yi wuya alhali yana zaune, ko tari ya zo da kumfa, ko ya kasa tafiya a miƙe, a sauko da shi ko da tsakar dare ne. Daga mita 3,000 zuwa sama, wurin kwanan yau kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Akwai ƙwayar asetazolamaid da likita kan rubuta don rigakafi, amma ba abin saye a kemis a sha da ka ba ne.

A nan akwai maganar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan hawan dutse, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS. Sanyi, ƙishirwa, gajiya da ƙarancin oksijin su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon mai SS ko SC, ga shi tsaunin hamada ya tara su duka huɗun wuri ɗaya, nesa da asibiti. Mai irin wannan jini kada ya yi wannan tafiya sai da yardar likitansa, ko ta kwana ɗaya ce a Shere. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, amma a tudu mai nisa jini yakan toshe a saifarsa. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, alama ce ta a sauko a nemi asibiti.

Ruwa kuwa, yaudarar tana cikin sanyin. Busasshiyar iska tana kwashe gumi kafin a gan shi, numfashi ma yana fitar da ruwa, amma mutum ba ya jin ƙishirwa. A ƙiyasta aƙalla lita 4 na sha ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala, a ƙara in za a yi doguwar tafiya. Fitsari ne shaida: in ya yi kaɗan ya yi ja, an makara da sha. A riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse, komai kyansa a ido, dabbobi sun riga ka zuwa. A tafasa shi minti 1, in an haura mita 2,000 minti 3. A can sama ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 93, shi ya sa wake ke cinye gas bai nuna ba. Gara garin kwaki, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi da taliya. Hasken rana mai ƙona fata ma yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, don haka tabarau da man kaɗanya na leɓe suna da amfani.

Wurin kafa tanti ma yana kashe mutane. Busasshiyar korama ita ce ta fi jan hankali: ga yashi mai laushi, ga inuwa, ga kariya daga iska. Amma dutse ba ya shan ruwa. Hadarin da ya zuba a can saman tsauni, inda ba ka ma ji tsawarsa ba, zai iya gangarowa ya cika koramar cikin mintuna. A Satumbar 2009 ruwan da ya sauko daga duwatsun Azbin ta Korin Telwa ya rushe dubban gidaje a Agadas. Mu ma a Jos ba mu manta da Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya taso daga wajen dam ɗin Lamingo da dare ya ci rayuka a Rikkos da unguwannin da ke kusa. A kafa a ɗan tudu sama da bakin korama, ba a ƙololuwa ba inda iska da aradu suka fi sauka, ba kuma a gindin gangaren da duwatsu ke iya mirginowa ba. Inda turke ya ƙi shiga ƙasa, a ɗaure igiyoyin a manyan duwatsu.

Kunama da maciji ɗumi suke nema kamar kowa. A zazzage takalmi da safe, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse, kada a fita fitsari da dare ba tocila. In kububuwa ta sari mutum, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar kashe dafi. A yankinmu an san Zamko a Langtang da Kaltungo a Gombe da wannan aiki.

Yankunan Azbin, Jado da Tibesti suna fama da 'yan fashi da masu ɗauke da makamai, kuma wasu sassan akwai nakiyoyin da aka binne tun zamanin tawaye, saboda haka ba a shigarsu sai da izinin hukuma da ja-gora ɗan ƙasa. Ko a nan Filato a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro kafin a kwana a dutse. Lambar gaggawa ta 112 ba ta da amfani inda babu sabis, don haka a bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su je asibiti makonni kaɗan kafin tafiya, su riƙe maganin da zai wuce kwanakin da suka tsara. Wanda bai san ko jininsa AA, AS ko SS ba ne ya yi gwajin tun yanzu, ana yin sa a yawancin asibitocin Jos da Abuja.