Kyautar ƙarshen zango a firamaren Katsina

Kyautar ƙarshen zango ita ce ɗan abin da ake ba yaran firamare da suka zo na ɗaya, na biyu da na uku a aji. Galibi littafin rubutu ne ko fensir ko jakar makaranta, hedimasta ya kira sunan yaro a asambuli ya fito a yi masa tafi, sauran kuwa su koma gida da katin sakamako kawai.

Asali

Jera yara bisa maki ba tsohon abu ba ne a Katsina, boko ne ya zo da shi. A makarantar allo, wadda ta daɗe ƙwarai a birnin (ita kanta hasumiyar Gobarau ana cewa tun wajajen ƙarni na 15 take), kowane yaro da allonsa, ba a haɗa shi tsere da kowa. In ya biya daidai malam ya ce je ka wanke, a rubuta masa na gaba, in bai iya ba ya koma ya ci gaba da maimaitawa ko da kwana nawa zai yi. Mai kaifin kai ya sauke da wuri, wani sai ya ɗau shekaru, amma fa duk ranar da ya sauke shi ma za a yi masa allon zayyana da walima, dangi su taru a ci a yi addu'a. Wato lada na jiran kowa, lokacin isa ne ya bambanta.

Boko ya kafu a garin zamanin Turawa, an buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Sai shirin gwamnati na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, shirin ilimin matakin farko ga kowa (UBE) ya biyo baya a 1999, amma kyautar tana nan ta mutum uku.

Matsalar

A aji ɗaya akwai wanda ya yi nazare, akwai wadda sai ta gama tallar safe take zuwa, akwai kuma wanda ba ya jin malam sosai ko ba ya ganin allo daga baya kuma ba wanda ya lura, daƙiƙi kawai ake ce masa. Yarinyar da ta taso daga ta 40 zuwa ta 20 ta yi ƙoƙarin da ya isa a yaba, amma ko sunanta ba a kira, kuma wannan abu yana karya zuciyar yaro ɗan shekara bakwai. Shi ya sa wasu makarantu ke ƙara kyautar tsabta, zuwa da wuri, ladabi, da ta wanda ya fi samun ci gaba.

Doka

Yaron da ke da matsalar ji ko gani yana cikin masu buƙata ta musamman, kuma akwai dokar hana nuna musu bambanci, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Saɓani

Wasu iyaye na ganin in ba gasa yara za su yi sanyi. Wasu malamai na cewa ƙananan azuzuwa ba su buƙatar lambar matsayi a aji, shi ya sa a wasu makarantun kuɗi aka daina rubuta ta a kati.