Me ya sa mariƙin tukunya ba ya narkewa? Tambayoyi kan robar da ke jure wuta da takardun mallakar ƙirƙira

Duk wanda ya taɓa leƙa kayan kicin na amarya ya ga ƙirƙira uku da aka taɓa yi wa rajista da sunan wani mutum: alminiyam ɗin tukunya, baƙin mariƙin nan da ba ya ƙona hannu, da santsin cikin kaskon suya. Kowannensu da tarihinsa, kuma kowanne an taɓa hana mutane ƙera shi sai da izini.

Wace irin takarda ce wannan da ake hana mutane ƙera abu da ita?

Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai rubuta yadda abin yake dalla-dalla, yadda duk masanin fannin da ya karanta zai iya maimaitawa. Ita kuma ta hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin ba da yardarsa ba, na shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Sai abin ya zama sabo, ba wanda duk ɗan sana'ar zai hango da kansa ba, kuma ana iya amfani da shi a masana'anta. Wa'adi na cika, ya zama na kowa.

Wannan kishiyar al'adar maƙeranmu ce, inda sirrin sana'a daga uba sai ɗa. A nan tona sirrin ake yi don a samu kariya.

Ba a yi wa tama ko ma'adinin da Allah ya ajiye a ƙasa rajista, sai dai hanyar sarrafa shi ko sabon gauraye. Kada kuma a haɗa ta da sunan haja. Teflon na kaskon suya da Kevlar na rigar kare harsashi sunaye ne da kamfani zai riƙe muddin yana sabunta rajistarsu, amma takardun asalin ƙirƙirarsu sun daɗe da ƙarewa.

Bokitin roba yana lanƙwashewa kusa da murhu, mariƙin tukunya kuwa ko a jikinsa. Ba duka roba ba ne?

Duka folima ne, wato ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka sarƙu suka zama dogayen zaruruwa. Bambancin yana wajen zaman zaruruwan. A bokiti da leda a zube suke kamar dafaffiyar taliya, zafi ya ɗan haura digiri 100 sai su fara zamewa kan juna. A mariƙin tukunya kuwa an ƙulla su da juna ta ko'ina kamar ragar kamun kifi, babu wanda zai motsa. Kamar yumɓu ne: kafin gashi a jiƙa shi a sake gini, bayan gashi shi ke nan. Idan wuta ta yi masa yawa sai dai ya babbake ya yi wari, ba dai ya zama ruwa ba.

Mai wannan ƙirƙira Leo Baekeland ne, ɗan Beljiyam da ya koma Amurka. Yana neman abin da zai maye gurbin wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya, wanda masu harkar lantarki ke shafe waya da shi. Masana da dama sun riga shi haɗa sinadaran finol da fomaldihaid, amma abin da suke samu dunƙulen kumfa ne mai ramuka, ba ya moruwa. Shi sai ya dafa haɗin cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, zafi da matsi tare, kumfar ta kasa tashi. Ya shigar da takarda a 1907, aka ba shi ranar 7 ga Disamba 1909, ya raɗa wa abin suna Bakelite. Ku lura, ba sinadaran aka ba shi ba, dabarar dafawar aka ba shi. Har yau danginsa ne a makunnin lantarki da birkin mota.

Kaskon da ƙwai ba ya kamawa fa?

Shi tsintuwa ce. Ranar 6 ga Afrilu 1938, wani matashin masanin sinadarai na kamfanin DuPont, Roy Plunkett, yana aikin neman sabon gas na firiji a jihar New Jersey. Ya buɗe bakin wata silinda, babu abin da ya fito. Aka ɗora ta a sikeli, nauyinta na nan kamar cike take. Wani da ya jefar ya ɗauko wata. Shi da mataimakinsa suka yanka ta da zarto, suka tarar da farin gari mai santsi manne a ciki: gas ɗin ya sarƙe da kansa ya zama folima. Shi ne Teflon, an ba da takardarsa a 1941.

Ƙarfinsa daga sinadarin fulorin yake, wanda ya lulluɓe zaren kabon ya riƙe shi gam, ba ruwan batir da ke cin sa, ba abin da ke manne masa, kuma sai digiri 327 yake narkewa. Aikinsa na farko ba girki ba ne, toshe mahaɗar bututu ne a masana'antar da Amurka ta tace yuraniyom don bam ɗin nukiliya lokacin yaƙin duniya na biyu.

To abin da ba ya manne wa komai, yaya za a manna shi a kasko? Wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya warware wannan: ya sa asid ya ciccinye fuskar alminiyam ta yi ƙananan ramuka, robar ta shiga ta maƙale. Ya yi rajista a 1954, ya kafa kamfanin Tefal a 1956. Ƙirƙira a kan ƙirƙira ke nan, kuma yawancin takardun wannan fanni haka suke.

Ana cewa kaskon yana da illa. Gaskiya ne?

Magana biyu ce ake cakuɗawa. Ta farko, idan aka bar kasko ba komai a kan wuta ya haura digiri 260, rufin yakan fara lalacewa yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi, yana kuma kashe tsuntsayen gida. Don haka ba kaskon garwashi ba ne. Ta biyu ta fi girma: wani sinadari mai suna PFOA da aka daɗe ana amfani da shi wajen haɗa robar ya gurɓata ruwan sha a kewayen masana'antar DuPont da ke Parkersburg a jihar West Virginia. A 2017 DuPont da Chemours, kamfanin da aka ware daga cikinsa, suka amince su biya dala miliyan 671 don kashe dubban ƙararraki, a 2019 kuma aka sa sinadarin cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta hana. Ofishin rajista ko abu sabo ne yake dubawa, lafiyar jama'a ba aikinsa ba ne.

Rigar kare harsashi ma roba ce?

Zaren roba ne. Stephanie Kwolek ta gano shi a DuPont a 1965 tana neman zaren da zai ƙarfafa tayar mota. Haɗin da ta samu ya fito tsararo, gurɓi-gurɓi, irin wanda aka saba zubarwa. Mai kula da injin kaɗa zare ya ƙi karɓa don kada ya toshe masa inji, ta yi ta lallashinsa har ya yarda. Zaren da ya fito, in aka auna nauyi da nauyi, ya ninka ƙarfe ƙarfi sau biyar, kuma ba ya narkewa. Shi ne Kevlar. Ɗan'uwansa Nomex ne ake ɗinka wa 'yan kwana-kwana da matuƙan jirgin yaƙi. Haƙƙin ƙirƙirar ya tafi ga kamfanin, kamar yadda aka saba ga ma'aikacin da ya yi bincike da kuɗin maigidansa.

A ɓangaren ƙarfe, wace takarda ce ta fi canza duniya?

A ganina ta Henry Bessemer ce a Ingila, ta 1856. Narkakken ƙarfen da ke fitowa daga tanderu kabon ya yi masa yawa, shi ya sa yake fashewa in ya sha guduma. Bessemer ya hura iska ta cikinsa, iskar ta ƙone kabon ɗin, ƙonewar kuma ta ƙara zafi ba tare da an ƙara gawayi ba. Aikin kwanaki ya koma na kamar minti 20.

Masu masana'antu suka yi rububin sayen lasisi, sai ƙarfen da suka samu ya riƙa tsagewa. Ashe Bessemer ya yi gwajinsa da ƙarfen da ba shi da fosfaras sosai, alhali yawancin tamar Birtaniya cike take da shi. Ya bi ya saye lasisinsa, ya buɗe tasa masana'antar a Sheffield. Matsalar fosfaras ta yi shekara ashirin sai da wani akawun kotu a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, mai karatun sinadarai da dare, shi da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka shafe cikin tukunyar da dutsen farar ƙasa, ya tsotse fosfaras ɗin. Dattin da ke tasowa a kai aka niƙa ya zama takin gona. Thomas ya rasu a 1885 yana da shekara 34.

Alminiyam kuma, da har gwangwanin lemo ake yi da shi?

A 1884, da Amurkawa suka kammala hasumiyar tunawa da George Washington, da alminiyam suka yi mata ƙoƙuwa, don a lokacin farashinsa ya kusa na azurfa. Ba ƙarancinsa ba ne, ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa. Raba shi da iskar oksijin ne wuya, domin garin da ake tace shi daga ciki sai ya haura digiri 2,000 yake narkewa.

A 1886 samari biyu da ba su san juna ba suka samo mafita ɗaya: Charles Martin Hall a jihar Ohio, da Paul Héroult a Faransa. Suka narkar da garin cikin wani gishirin dutse mai suna kirayolait a wajen digiri 950, suka ratsa shi da lantarki, alminiyam ya kwanta a ƙasa. Ikon Allah, duka biyun a 1863 aka haife su, duka a 1914 suka rasu. Héroult ya riga shigar da takarda, amma dokar Amurka ta lokacin wanda ya riga ƙirƙira take bi. Hall ya kawo shaida, har da 'yar'uwarsa Julia da ta taya shi aikin, cewa tun Fabrairu ya yi nasara, aka ba shi a 1889. Sai a 2013 Amurka ta koma tsarin wanda ya riga shigarwa.

Tunda duk takardun sun ƙare, me ya hana kowace ƙasa ta yi nata?

Takarda ba ta hura tanderu. Hanyar Hall da Héroult kyauta ce fiye da shekara 100, amma kilo ɗaya na alminiyam yana shan kusan yunit 14 na lantarki, kuma in wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i abin da ke cikin tukwanen ya daskare, asara ta tabbata. Shi ya sa masana'antar Valco ta Tema a Gana ta dogara da madatsar Akosombo, ta Edea a Kamaru take gefen kogin Sanaga, ta Ikot Abasi a Najeriya kuma ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe. Masu zubin tukwane a kasuwanninmu sun kauce wa duk wannan: tsohon fiston da gwangwani suke narkarwa, digiri 660 ya isa, gawayi da zuga-zugi na kaiwa. Sake narkarwa kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin tace sabo.

Sannan ba komai ake rubutawa ba. Kamfani yakan bayyana abin da doka ta tilasta, ya ɓoye ƙwarewar hannu: saurin inji, tsabtar sinadari, yadda ake gyara in abu ya karkace. Kevlar a cikin tsantsar asid mai ƙarfi ake kaɗa shi, ba aikin karanta takarda ba ne. Shekaru bayan ƙarewar takardunsa na asali, kamfanin Kolon na Koriya ta Kudu ya bi tsoffin ma'aikatan DuPont yana sayen sirri. A 2015 ya amsa laifi a kotun Amurka, ya biya diyyar dala miliyan 275 da tarar miliyan 85. Da takarda ta wadatar, ba wanda zai yi wannan kasada.

Idan maƙeri ko injiniya a Kano ko Damagaram ya ƙirƙiro sabon abu, ina zai nufa?

Da farko ya kama bakinsa. Wanda ya baje ƙirƙirarsa a Facebook kafin rajista yana iya rasa haƙƙinsa, don ta daina zama sabuwa. A Najeriya dokar 1970 ce ke aiki, ofishin rajista yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja. Cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, sai an je kotu ake tantancewa. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta game ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO ta Harare. Takardar Abuja ba ta hana kowa kwaikwayo a Maraɗi.

Akwai kuma kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma shi ke kayar da mutane. Robert Mushet ne ya gyara wata matsalar ƙarfen Bessemer ta hanyar zuba masa gaurayen manganis, ya yi rajista a 1856. Waɗanda ya damƙa wa amanar takardar suka kasa biyan harajin fam 50 bayan shekara uku, ta faɗi, kowa ya ɗauki dabarar kyauta. Mushet ya shiga bashi da rashin lafiya, har 'yarsa Mary ta je Landan ta tsaya gaban Bessemer. Daga nan ne ya yanka wa mahaifinta fam 300 duk shekara.