Waiwaye: Ƙawancen jam'iyyu da tambayar wa za a riƙe

Tun da aka fara maganar haɗakar jam'iyyu gabanin zaɓen 2027, majalisun hira a Katsina ba su da zancen da ya wuce wa zai haɗu da wa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, idan tsadar rayuwa ta ci gaba bayan an kafa gwamnatin haɗin gwiwa, wa talaka zai riƙe? Wannan tambaya ta girmi yawancin masu muhawarar.

Kowa ya san ƙawancen jam'iyyar NPC ta Sardauna da NCNC ta Azikiwe bayan zaɓen 1959, haɗewar da ta haifi APC a 2013 kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Abin da aka manta shi ne yarjejeniyar 1979, lokacin da Katsina ke cikin tsohuwar jihar Kaduna. Jam'iyyar NPN ta Shehu Shagari ta ci kujerar shugaban ƙasa amma ba ta da rinjaye a majalisar tarayya, sai ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NPP ta Azikiwe, wadda ta samu kujerar kakakin majalisar wakilai da wasu kujerun minista. Abin da jama'a suka gani shi ne rabon muƙamai, ba a ajiye musu wani rubutaccen alkawari kan abinci ko aikin yi da za su auna gwamnati da shi ba.

Ƙawancen ya wargaje a watan Yulin 1981, daidai lokacin da kasuwar man fetur ta fara faɗuwa. A watan Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, shinkafa da madara da sabulu suka yi wuya. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a wannan karon an ci ladan tare, da aski ya zo kuwa babu takardar da ta nuna rabon kowa. Bayan zaɓen 1983 da 'yan watanni sojoji suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, hisabin ya tsaya nan.

A ganina tushen matsalar yana cikin tsarin kansa. A tsarin firaminista, rushewar ƙawance kan iya kayar da gwamnati a koma wurin masu zaɓe. A tsarin shugaba mai cikakken iko da aka ɗauka a 1979 kuwa, abokan tafiya kan watse gwamnati ta ci gaba da wa'adinta, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya gaji wannan tsari.